Zuwa ga Edita: A faɗa wa masu gyaran gem, ganuwa ba ta cin wuta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya fama da jama'a. Allah ya ƙara basira.

Na san wasu masu karatu za su ce jarida ba wajen zancen gem ba ce, ga tsadar rayuwa ga matsalar tsaro wani kuma ya zo yana mana maganar wasan yara. Toh su yi haƙuri su ɗan ba ni fili, domin yaran nan da ake cewa wasa suke yi, da yawansu abin da suka sani game da Salahuddin da Rumawa da 'yan Salibiyya ba a aji suka same shi ba, a gaban laftof suka same shi, tunda a baya an yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. In gem ne ya zama malamin to ya kamata a duba me malamin yake koyarwa.

Ni gyaran kwamfuta nake yi a nan Tudun Wada ta Kaduna kuma kusan rabin kwastomomina 'yan gem ne, mai fanka ta mutu, mai injin na zafi, mai son a ƙara masa ram don gem ɗin yaƙin nan Bannerlord ya daina tsayawa. Abin da ya sa na rubuto shi ne wasu samari a unguwarmu, yara ne masu ƙwaƙwalwa wallahi, sun haɗu za su yi mod na ƙasar Hausa, wato irin gyaran da 'yan wasa da kansu suke yi wa gem su canza sojoji da taswira da ƙarfin makamai su saka a intanet kowa ya sauke kyauta. Zazzau da Kano da Katsina da Gobir kowa da rundunarsa. Na ji daɗi sosai har na ce duk injin da ya ba su matsala su kawo ba sai sun biya kuɗin aiki ba. Amma da suka nuna min jerin makaman da suka tsara sai na ga an ba Zazzau tukunyar wuta mai fashewa wadda in ta bugi ganuwa sau kaɗan ganuwar ta zube, an kuma ba Kano wani bututu mai feshin wuta irin na Rumawa. Na ce daga ina kuma? Suka ce ai a wani mod na Turawa suka gani, kuma mai shi ya rubuta da manyan baƙi cewa nasa tarihi ne zalla.

Bari mu fara da wutar Rumawan tunda ita kowa yake so. Wajen shekarar 672 wani magini mai suna Kallinikos ya gudo daga ƙasar Sham ya shiga Kustantiniyya, Istanbul ta yau kenan, da wani haɗin mai da yake ci ko a kan ruwa. Kuma ba haɗin kaɗai ne abin tsoron ba, na'urar ce, yadda masu bincike suka fahimta ana ɗumama man a cikin jirgi a matsa shi da famfo ya fita ta bakin bututu da aka kafa a goshin jirgin yana ci da wuta. Makamin teku ne tun asali. Da shi suka ƙona jiragen Banu Umayya lokacin da Maslama ɗan Abdulmalik ya yi wa birnin ƙawanya a 717 zuwa 718, da shi kuma suka ƙona jiragen Igor na Rus a 941. Ko a waccan ƙawanyar ta Maslama ba wutar kaɗai ce ta yi aiki ba, akwai sanyin hunturun da ya yi tsanani a shekarar, akwai yunwa a sansani har ana cin dabbobin hawa, ga Bulgawa suna kawo hari ta baya, har Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ba da umarni a janye.

Kuma sirri ne na gidan sarauta. Sarki Kustantin na 7 a ƙarni na 10 ya rubuta wa ɗansa wasiyya cewa duk baƙon da ya roƙi wannan wuta kar a ba shi, a ce masa mala'ika ne ya kawo ta. A 812 Bulgawa sun ci garin Mesembriya suka sami bututu 36 da man da kansa a ajiye, amma ba a taɓa jin sun yi yaƙi da su ba, domin samun kayan daban iya aiki da su daban. Su Rumawan ma daga baya ilimin ya ɓace musu. To abin da Bulgawa suka riƙe a hannu suka kasa, ta yaya zai tsallake Sahara ya iso Kano? A gem kam ka kashe soja ka ɗauki makaminsa ka ci gaba da feshi, shikenan.

A ɓangaren Musulmi akwai nafɗu, ɗanyen mai da yake tsattsafowa daga ƙasa a wurare irin su Baku da Iraƙi, kuma rundunar Abbasiyawa tana da rukuni na musamman na masu jifa da shi. Wanda ya buga gem ɗin Medieval II ya san su, Naffatun, suna nan a rundunar Masar da ta Turkawa. Ana zuba shi a ƙananan tukwanen yumɓu a jefa da hannu, ko manya a ɗora a manjaniƙ, wato babbar majaujawar yaƙi. Tukunyar tana fashewa ne kamar yadda kowace tukunya take fashewa in ta faɗi, man ya watsu ya kama, ba wai ta tashi da mutane sama irin na bam ba. Abin da ke tashi da gini albarushi ne kuma wannan wani zamani ne daban.

Labarin da nake so yaran nan su karanta da kyau shi ne na Akka, wani gari a gaɓar tekun Falasɗinu, a 1190. Faranjawa, wato 'yan Salibiyya, sun kewaye garin, Salahuddin kuma yana bayansu ya kewaye su, sai suka gina hasumiyoyi uku na katako masu taya, kowace hawa biyar, sun fi ganuwar garin tsayi, aka lulluɓe su da fatu da aka jiƙa da ruwan khal aka shafe da laka don kar wuta ta kama. Kuma ba ta kama ba ɗin. Masu nafɗun garin suka yi ta jifa kwana da kwanaki a banza, Faranjawa na cike gwalalo suna matsowa. Sai wani mutumin Dimashƙu, marubucin tarihi Ibn Shaddad ya ce saurayi ne maƙerin tagulla, takwaransa Ibnul Asir ya ce mutum ne da tara kayan haɗa wuta ya zame masa abin sha'awa, ya je wajen Ƙaraƙush mai riƙe da garin ya ce a ba shi manjaniƙ ɗaya. Ƙaraƙush ransa a ɓace yake ya kore shi, gwanaye sun kasa sai kai? Wani ya ce ranka ya daɗe a bar shi ya gwada ai ba a rasa komai. Sai ya dafa haɗinsa ya fara jefa tukwane babu wuta a jikinsu, suna fashewa a kan hasumiyar ba abin da ya faru, Faranjawa na sama suna dariya suna rawa, shi kuwa jiƙa ta yake yi. Da ya tabbata ta sha sai ya aika mai wuta. Hasumiyar ta kama gaba ɗaya da mutanen da ke cikinta, ta biyu da ta uku ma haka, sai dai su mutanen ciki sun riga sun gudu. Salahuddin ya yi masa tayin dukiya ya ƙi karɓa ya ce don Allah ya yi.

Dubi abin da ke cikin labarin nan Malam Edita. Katako wutar ta ci, dutse bai shigo ciki ba sam. Mutanen cikin gari ne suka jefa ta a kan na waje. Fata da khal da laka sun hana ta aiki har sai da aka sami mutum ɗaya da ya fi sauran sani ya kuma yi dabara. Sannan duk da wannan nasara garin ya faɗi a watan Yuli 1191 bayan Richard na Ingila da Filib na Faransa sun iso, da manjaniƙ mai jifa da dutse da masu haƙa ƙarƙashin ganuwa da yunwa. Ni a ganina wannan ya fi duk wata fashewa mai ƙyalli daɗin bugawa in an iya saka shi a gem.

Ba ma sai mun je nesa ba, duk wanda ya yi karatun sira a Islamiyya ya san ƙawanyar Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan hijira. An kafa manjaniƙ, sahabbai suka shiga ƙarƙashin dabbaba, rumfar katako da fatar shanu, suka tura ta jikin katanga don su fasa, mutanen Saƙif suka sako musu ƙarafa da aka gasa suka yi ja, rumfar ta kama, da suka fito aka bi su da kibau. Nan ma na ciki ne ya yi aiki da wuta a kan kayan na waje, kuma aka tashi ba a ci garin da yaƙi ba.

To ta ina wuta take rusa ginin dutse? Ta ƙasa. A haƙa rami a bi ƙarƙashin harsashin gini, duk inda aka cire ƙasa da dutse a tokare da gungumen itace, in an gama a cika ramin da kirare da kitse a cinna a fito, ginshiƙan su ƙone ginin ya rasa abin tsayawa ya rufta. A Rochester ta Ingila a 1215, lokacin da ya yi wa wani babban ginin tsaro na dutse ƙawanya, Sarki John ya aika takarda a kawo masa aladu 40 masu ƙiba, irin waɗanda ba su da daɗin ci, don a yi amfani da kitsensu a ramin, kuma kusurwa ɗaya ta ginin ta zube, wanda ya ga hotonsa yau zai ga hasumiya ɗaya kewayayya ce sauran ukun masu kusurwa, ita ce aka sake ginawa. Ko bayan nan mutanen ciki suka koma ɗaya rabin ginin suka ci gaba da riƙewa sai da yunwa ta fito da su. Aikin makonni ne na masu haƙa, ba danna maɓalli ba.

Tafasasshen mai da ake kwararowa daga saman ƙofa a kowane gem kuwa, an yi shi amma ba kasafai ba, mai abinci ne kuma da tsada, garin da aka kewaye ba zai zubar da abin miyarsa a kan kawunan mutane ba alhali ruwan zafi da yashi mai zafi da farar ƙasa suna nan arha.

Maganar tsada ita ce ta fi damuna da waɗannan mod ɗin. Soja yana jefa tukunyar wuta ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon fiya wata a wajen taro, ba ta ƙarewa, ba wanda ya tambayi ina aka samo man, raƙuma nawa suka ɗauko shi, waye ya gina tukwanen, ina aka ajiye su da wutar abokan gaba ba za ta same su ba. Mu da muke da matatar mai a garin nan tun 1980 muna kuma kwana a layin gidan mai ai bai kamata a koya mana cewa mai ba ya zuwa da kansa ba. Inda aka ga an yi amfani da shi da yawa sosai to abin ya kai maƙura ne, kamar 1168 da waziri Shawar ya sa aka ƙona Fusɗaɗ, tsohon birnin Masar, don kar Sarki Amalrik na Ƙudus ya same shi. Marubucin tarihi Maƙrizi ya ce tukwanen nafɗu 20,000 aka rarraba a garin kuma wutar ta yi kwana 54 tana ci. Gari ne na mutane da rufi da kasuwa da kaya, shi ya sa ya ci, kuma mai garin ne ya ƙona abinsa.

Yaran sun ce min Baba ai gem ne, in an bi gaskiya sak ba wanda zai zauna wata shida yana jiran yunwa ta kama mutanen gari. Wannan gaskiya ne kuma ban ce a yi haka ba. Ni ma ina buga Stronghold Crusader tun ina saurayi, gem ɗin 2002, kuma ban taɓa jin haushinsa ba domin bai ce min shi littafin tarihi ba ne, kuma ko shi ya san wuta tana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya in ba ka gina rijiya ba ka ga ta kanka. Medieval II ma ya yi ƙoƙari, kibiyar wuta a cikinsa ba ta da saiti kamar ta banza kuma tana ɗaukar lokaci, amfaninta tsorata soja. Rigimata da wanda ya rubuta tarihi zalla a kan aikinsa ne, ya ɓata wata uku yana gyara zanen kwalkwali da igiyar takalmi su dace da ƙarni na 12, sannan ya bar tukunyar yumɓu tana rusa katangar dutse. Kaya sun yi daidai, yaƙin kuma ƙarya.

Kuma gyaran ba wuya gare shi ba, yawanci lambobi ne a cikin fayil, na ga yadda suke buɗe su. A mai da ɓarnar wuta a kan dutse da ƙasa kusan sifili, a kan katako da ciyawa a ɗaga ta sosai. A ƙayyade tukwanen, in sun ƙare sun ƙare sai ayari ya kawo, kuma ayarin a iya tare shi a hanya. A ba mai kai hari damar sayen ƙiraga ya lulluɓe hasumiyarsa, ya rage saurinta amma ta jure. Wutar ta ci naka sojan in ya tsaya kusa. Iska ita ce mai wuya, ban ce za su iya a Bannerlord cikin sauƙi ba, amma ko a taswira ne a ce a watan kaza wuta ta fi ci a watan kaza ba ta ci ai an yi wani abu.

Nan ne ma namu ya fi dacewa, domin ƙasar Hausa tana da nata lissafin wutar ba sai an aro na Rumawa ba. Ganuwarmu ƙasa ce, jar ƙasa da aka tara aka daddaɓe, kauri a gindi tana sirancewa a sama, ka kwana kana hura mata wuta ba abin da za ta yi sai baƙi. Ba wuta ba ma, a watan Fabrairu 1903 da Kanar Morland ya zo Kano da igwa harsashin bai iya fasa ganuwar ba sai da suka koma kan ƙofa. To ƙofar ita ce wajen rauni, itace ne, shi ya sa ake lulluɓe ƙyauren da ƙarfe kuma ake yin mashigar da tsawo da ƙunci. Abin da ke ci a garin Hausa yana cikin ganuwar, jinka da zana da dannin kara da rumbu, kuma yaƙi yawanci bayan kaka ake fita lokacin da komai ya bushe ƙayau iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas. Duk ɗan Kaduna ya san me tartsatsi ɗaya yake yi a kasuwa a watan Janairu. Amma manyan birane irin Kano da Zariya an bar fili mai faɗi da gonaki tsakanin ganuwa da gidaje, ɗan baka da ke waje kibiyarsa ba za ta kai jinka ba balle an ɗaura mata tsumma ta yi nauyi, kenan a mod ɗin ƙaramin ƙauye mai shingen itace ya kamata ya ji tsoron wuta, babban birni kuwa a'a, shi sai yunwa ko cin amana daga ciki. Ga kuma lifidi, rigar doki da mahayi da aka cusa wa auduga, tana tare kibiya mai dafi amma auduga ce, in ta kama mahayin da kyar zai iya sauka da kansa don nauyi. Wannan kaɗai ya isa a gina tsarin yaƙi a kansa, barde mai lifidi ya gagari 'yan baka amma ya kiyayi wuta.

Turawan ma sun fara leƙo mu, a Crusader Kings III na kamfanin Paradox za ka iya farawa da Daurama a Daura a shekarar 867, Age of Empires ya saka Mali. In su suka yi kuskure a kanmu za mu ce ba su sani ba. In yaran Tudun Wada suka saka wa Sarauniya Amina bututun Kallinikos kuma wani yaro a Turkiyya ko Brazil ya sauke ya buga, zai ɗauka haka abin yake tunda 'yan ƙasar ne suka yi.

Don haka ina roƙon malaman tarihi da ke karanta jaridar nan, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello, in irin yaran nan suka zo da tambaya kar a raina su don sun ce gem, a ba su minti talatin. Su kuma na ce musu Arewa House tana nan kan titin Rabah ba nisa, ga gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa shi ma a cikin garin nan, su je su zauna su karanta. Sannan ran Asabar su shiga mota zuwa Zariya, su sauka Ƙofar Doka su bi abin da ya rage na ganuwar zuwa Ƙofar Gayan da ƙafa, su auna kaurinta da tef su ɗauki hoto, kafin su koma kan lambobin. Kuɗin motar ni zan biya.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Tudun Wada, Kaduna